Darasin Wannan Wata: Rage Gudun Mota A Cikin Unguwa, Ribarsa Da Hasararsa

Duk mutumin karkara da ya taɓa shiga birnin Kano ya san halin da titi yake ciki a cikin ganuwa. Ko ya je Kasuwar Kurmi sayayya, ko ya kai mara lafiya Asibitin Murtala, ko ya je duba ɗansa da ke karatun allo, dole ne ya tsallaka titi. Tsallakawar nan kuwa ba wasa ba ce. Ga mota, ga babur, ga A Daidaita Sahu, kowa yana sauri. A gefe guda kuma ga yara suna wasa a ƙofar gida, ga 'yan talla, ga makaho da ɗan jagora, ga tsoho yana dogara sanda zai tafi masallaci.

Darasin wannan wata ya tsaya a kan tambaya ɗaya. Idan aka rage gudun abin hawa a titunan da ke ratsa gidajen mutane, me za a samu, me kuma za a rasa? An ɗauki birnin Kano a matsayin misali. Amma mai karatu zai ga cewa maganar ta shafi kowane ƙauye da kwalta ta ratsa.

BIRNIN DA AKA GINA DON ƘAFA DA KOFATO

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, shekaru kusan 900 da suka wuce. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina Gidan Rumfa. A wancan zamani babu mota. Abin da ke bin hanya shi ne mutum da jaki da doki da raƙumi. Saboda haka aka yi lunguna ƙanana masu lanƙwasa, aka yi ƙofofin gari daidai shigar raƙumi da kayansa.

Da mota ta zo, sai aka tsaga tituna a tsakiyar unguwanni. Aka rushe gidaje, aka zuba kwalta. Ƙofofin gari ma ba su tsira ba. A shekarar 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, daga baya aka gina wata a wurin. Titi ya yi faɗi, mota ta samu wurin gudu.

Sai dai zaman mutane bai canja ba. A Yakasai da Mandawari da Koki da Jakara, zauren gida da yawa a bakin titi yake. Yaro yana fitowa daga soro, taki uku ya hau kwalta. A bakin titin ake zaman makoki, a nan ake ɗaurin aure, a nan mai ƙosai take kafa kaskonta. Ran Juma'a sahun salla yakan fito har kan titi. Ashe titin cikin gari hanya ce, kuma tsakar gida ce ta unguwa.

Abin hawan da ke bin titin ma ya canja. A shekarar 2005 aka shigo da babur mai ƙafa uku, wanda ya samo sunansa daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin jiha. A watan Janairu na 2013 gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Daga nan A Daidaita Sahu ya yawaita, yana shiga har lungun da mota ba ta iya shiga.

ME DOKA TA CE?

A shekarar 1988, zamanin Janar Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Littafin dokokin hanya na Nijeriya ya yanka wa kowane abin hawa iyakar gudunsa. Ƙaramar mota, a kan tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Kaduna, iyakarta kilomita 100 a awa ɗaya. A sauran manyan hanyoyi iyakarta 80. A cikin gari, inda gidaje suke, iyakarta 50. Babur da tasi da bas ma 50 ne a cikin gari. Tanka da tirela kuwa 45.

A lura, 50 ɗin nan iyaka ce. Doka ba ta ce dole direba ya kai 50 ba. Ta ce kada ya wuce. Idan wuri ya cushe da mutane, wajibi ne ya rage.

Jihar Kano ma tana da tata hukumar mai kula da zirga-zirga, wato KAROTA, wadda aka kafa a 2012. A watan Fabrairu na 2017 kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Na'urar tana da amfani a kan babbar hanya. Amma ba ta san unguwa ba. Motar da aka ɗaure wa gudu a kan kilomita 90 ko 100 tana iya kashe yaro a Mandawari, na'urar ba ta ce uffan ba.

Yanzu masana a duniya suna cewa 50 ma ta yi yawa a inda mutane da motoci suke cuɗanya. Shawararsu ita ce a mayar da ita 30. Don a gane dalilinsu, sai an ɗan yi lissafi.

YADDA AKE AUNA GUDU

Ana auna gudu da yawan kilomitar da abin hawa zai ci a cikin awa ɗaya. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce. Mita ɗaya ta ɗara yadi kaɗan, kamar taki ɗaya na dogon mutum. Mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan.

Mutum mai tafiya a ƙasa yana cin wajen kilomita 5 a awa. Mai keke yana cin wajen 15. Motar da ke gudun 30 ta ninka mai tafiya a ƙasa sau 6. Wadda ke gudun 50 ta ninka shi sau 10.

Ga abin da ya kamata a riƙe. Motar da ke gudun 30 tana cin mita 8 da ɗoriya a cikin daƙiƙa ɗaya. Wadda ke gudun 50 tana cin kusan mita 14. Daƙiƙa ɗaya kuwa ɗan lokaci ne, bai wuce a ce "salamu alaikum" ba.

LISSAFIN BIRKI

Mota ba ta tsayawa nan take. Tsayuwarta hawa biyu ce. Da farko ido zai gani, hankali ya gane, ƙafa ta bar totur ta koma kan birki. Wannan yana cin wajen daƙiƙa ɗaya, ga direban da hankalinsa ke kan hanya. A cikin daƙiƙar nan mota tana tafiya da cikakken gudunta. Na biyu, bayan an taka birki, taya za ta ci gaba da jan ƙasa kafin motar ta tsaya cik.

A ɗauka yaro ya fito daga lungu a guje, yana bin ƙwallo. Tsakaninsa da mota mita 14 ne.

Direba na farko yana gudun 30. Kafin ya taka birki ya ci mita 8. Birki ya ja shi mita 5. Jimla mita 13. Ya tsaya, saura taki ɗaya. Yaro ya tsorata, ya yi kuka, ya koma gida da ƙafarsa.

Direba na biyu yana gudun 50. Kafin ƙafarsa ta taɓa birki ya cinye mita 14 ɗin duka. Wato ya buge yaron da cikakken gudunsa. Sai ya ƙara wata mita 14 kafin ya tsaya. Jimlar tsayuwarsa mita 28, ninki biyu na ta direban farko, har da ɗoriya.

Direbobin nan biyu, babu wanda ya karya doka a cikinsu. Idonsu ɗaya, birkinsu ɗaya. Gudu ne kawai ya raba su.

Wannan lissafi na busasshiyar kwalta ne, da birki mai kyau, da taya mai kyau. Idan damina ce, ko yashi ya hau titi, ko taya ta suɗe, nisan ya fi haka. Haka kuma idan direba yana waya, ko yana ba da canji, ko ya sha ƙwaya, daƙiƙa ɗayan nan takan zama biyu ko uku.

ƘARFIN BUGU

Mutane da yawa suna zaton idan gudu ya ninka biyu, bugun ma biyu zai ninka. Ba haka ba ne. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu huɗu yake ninkawa.

Ga misalin da kowa zai gane. Wanda mota ta buge tana gudun 30, kamar ya faɗo ne daga tsawon mita 3 da rabi, wato gaba biyu. Kamar mai yaɓe ya faɗo daga saman soro ke nan. Zai ji ciwo, yana iya karaya, amma galibi yana tashi. Wanda ta buge tana gudun 50, kamar ya faɗa busasshiyar rijiya ce mai zurfin mita 10, wato gaba biyar zuwa shida. Idan gudun 60 ne, zurfin rijiyar ya kai mita 14.

Binciken masana ya tabbatar da haka. A gudun 30, cikin mutum 10 da mota ta buge, aƙalla 9 suna rayuwa. Wani bincike da aka buga a 2009, a kan haɗurran ƙasar Jamus, ya gano cewa haɗarin mutuwa a gudun 50 ya ninka na gudun 30 fiye da sau 5.

Yara sun fi kowa shiga haɗari. Babba idan mota ta same shi, a ƙafa take fara bugunsa. Yaro kuwa gajere ne, a ƙirji ko a kai take samunsa. Kuma ƙaramin yaro bai iya kintatar saurin mota ba. Yana ganinta daga nesa sai ya ɗauka zai riga ta. Tsofaffi su ma ƙashinsu ba ya jure bugu, ƙafarsu kuma ba ta da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 a kowace shekara. Ta ce shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

RIBAR RAGE GUDU

Riba ta farko ita ce rai. Haɗarin da zai faru yakan fasa faruwa, wanda ya faru kuma yakan zo da sauƙi.

Riba ta biyu ita ce dukiya. Duk wanda ya taɓa jinyar karaya, ko a wurin mai ɗori ko a Asibitin Ƙashi na Dala, ya san abin da take ci. Ga kuɗin magani, ga kuɗin aiki, ga abincin mai jinya. Idan magidanci ne ya kwanta wata uku da damina, gonarsa ta tafi. Gida da yawa sun sayar da akuya da sa, wasu har gona, saboda haɗari ɗaya.

Riba ta uku ta direba ce da kansa. Wanda ya buge mutum a cikin unguwa ya shiga uku. Ga fushin jama'a, ga ofishin 'yan sanda, ga kotu, ga maganar diyya. Abin hawansa zai kwana a tsare, maigidansa yana jiran kuɗi. Ko an yafe masa, abin ba ya barin zuciyarsa.

Riba ta huɗu ita ce zaman lafiyar unguwa. Ƙura tana raguwa, musamman inda babu kwalta. Ƙara tana raguwa. Uwa tana iya aiken ɗanta sayen gishiri hankalinta a kwance. Tsoho yana iya zuwa sallar magariba ba tare da an riƙe masa hannu ba.

HASARAR RAGE GUDU

Gaskiya ita ce, abin yana da tsadarsa. Ba daidai ba ne a ɓoye ta.

Ta farko ita ce lokaci. Kilomita ɗaya a gudun 50 tana cin daƙiƙa 72. A gudun 30 tana cin daƙiƙa 120, wato minti 2. Bambancin daƙiƙa 48 ne. Ga mai motar kansa, wannan ba komai ba ne. Tafiyar kilomita 3 za ta ƙaru da minti 2 da daƙiƙa 24 kawai. Kuma a cikin birni ba kasafai ake samun sararin yin 50 daga farko har ƙarshe ba. Cunkoso a Ƙofar Mata ko bakin Kasuwar Rimi ya kan cinye abin da gudu ya tara. Sau da yawa wanda ya wuce mutum a guje, a mahaɗar gaba za a tarar da shi yana jira.

Amma ga mai haya lissafin daban ne. A ce mai A Daidaita Sahu yana yin sawu 30 a rana, kowane sawu yana da kilomita ɗaya a cikin unguwa. Daƙiƙa 48 sau 30 ta zama minti 24. Sawu ɗaya ko biyu ke nan ya rasa. Shi kuwa akwai balas ɗin da zai kai wa mai babur kowace yamma, ko ya samu ko bai samu ba. Ga kuɗin mai, ga kuɗin cefane. Ba mugunta ce kaɗai take sa shi gudu ba, har da bashi. Duk gyaran da ya manta da wannan mutum, ba zai daɗe ba.

Ta biyu ita ce kuɗin aiki. Allon titi da fenti da tudun rage gudu da albashin ma'aikata, duk kuɗi ne. Fenti yana gogewa, allo yana karyewa, wani ma a sace shi. Sai an riƙa sabuntawa.

Ta uku ita ce illar tudun da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Idan mota ta kashe yaro, 'yan unguwa sukan fito cikin fushi su jera dutse, ko su gicciya gungume, ko su yi dogon tudu na siminti. Niyyar mai kyau ce. Amma tudun da ya cika tsini, babu fenti, babu allo, tarko ne da dare. Yana kayar da mai babur. Yana fasa salansa, yana karya sifirin. Motar 'yan kwana-kwana da motar asibiti ma sai sun tsaya a kansa. Mace mai naƙuda da mai karaya su suka san azabarsa.

Ta huɗu ita ce tsoron cin zali. Idan aka kafa sabuwar doka ba a wayar wa mutane da kai ba, takan zama hanyar karɓar na goro. Talaka ya biya, mai uwa a gindin murhu ya wuce. Daga nan jama'a sai su tsani dokar, ko da don amfaninsu aka yi ta.

Akwai kuma masu cewa tafiya a hankali tana shan mai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mota ta fi tattalin mai idan tana tafiya a babbar giya ba tsayawa. Amma a cikin gari abin da ya fi shan mai shi ne a taka totur da ƙarfi, a taka birki da ƙarfi, a sake takawa. Mai tafiya sannu bai ɗaya ba ya yin wannan ɓarna.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA GANI

Birnin Graz na ƙasar Ostiriya ya mayar da titunan unguwanninsa 30 tun shekarar 1992, ya bar manyan tituna a 50. A watan Fabrairu na 2020 wakilan ƙasashen duniya suka taru a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Suka ba da shawarar a mayar da gudu 30 a duk inda masu tafiya a ƙasa suke cuɗanya da motoci. A 2021 ƙasar Sifen ta sanya 30 a ƙananan titunan garuruwanta. A shekarar ce kuma birnin Paris na Faransa ya yi haka a yawancin titunansa.

Misalai uku daga ƙasar Birtaniya suna da darasi babba. Su da mil suke awo. Mil 20 a awa daidai yake da kilomita 32.

Na farko, a birnin Landan an keɓe wasu unguwanni aka ce mil 20 ne, aka kuma gina tuddai aka gyara titi. Masana suka duba lissafin shekara 20, daga 1986 zuwa 2006. Suka tarar waɗanda haɗari ke ritsawa da su sun ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Yara ƙanana ne suka fi cin ribar.

Na biyu, a wasu garuruwan Ingila allo kawai aka kafa, ba a taɓa titi ba. Binciken gwamnati na 2018 ya nuna gudu bai ragu ba sai da wajen mil ɗaya a awa.

Na uku, a watan Satumba na 2023 yankin Wales ya mayar da titunan cikin gari mil 20 a rana ɗaya. Aikin ya ci fam miliyan 30 da 'yan kai. A shekarar farko, waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a irin waɗannan tituna sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Duk da haka mutum fiye da dubu 400 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Kukansu shi ne an haɗa har da titunan da ba na unguwa ba. A 2024 gwamnatin yankin ta ba ƙananan hukumomi damar mayar da wasu titunan yadda suke a da.

Darasi uku ke nan. Rage gudu yana ceton rai. Allo kaɗai ba ya isa. Kuma kuɗin goro ba ya yi, sai an zaɓi titi, an shawarci jama'a.

WANE TITI YA DACE?

Titunan Kano ba ɗaya ba ne. Titin BUK, wanda ya bi gefen ganuwa ta waje, babbar hanya ce ta masu wucewa. Irin wannan abin da yake bukata shi ne gadar masu tafiya a ƙasa da wurin tsallakawa mai kyau. Lungun da mota ɗaya take shiga da ƙyar kuwa, ko 30 ta yi masa yawa. A nan tafiyar mai keke ita ce daidai.

Maganar 30 ta fi dacewa da titunan da ke tsakani. Ana gane su da alamu huɗu. Ƙofofin gidaje suna kallon titin. Akwai makarantar boko ko Islamiyya ko ta allo a bakinsa. Akwai kasuwa ko masallaci ko asibiti. Babu wurin da aka keɓe wa mai tafiya a ƙasa. Duk titin da ya haɗa biyu daga cikin alamun nan, ya cancanci a rage masa gudu.

Tudun rage gudu mai kyau shimfiɗaɗɗe ne, ba mai tsini ba. Faɗinsa daga hawa zuwa sauka yana kai mita 3 zuwa 4, tsayinsa kuma bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ana shafa masa fenti, a kafa allo kafin a iso shi. Mai tafiya a hankali zai hau shi lafiya. Mai gudu ne kawai zai ji a jikinsa.

AIKIN KOWA

'Yan unguwa su kai kukansu ga mai unguwa. Shi kuma ya kai wa dagaci ko hakimi, a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma da hukumomin hanya. A nan ilimin da aka samu a ajin yaƙi da jahilci yake da rana. Wanda ya iya rubutu ya buɗe littafi. Duk haɗarin da ya faru ya rubuta rana da lokaci da wuri da irin abin hawan. Takardar da ke ɗauke da lissafi ta fi surutu nauyi a ofis.

Ƙungiyoyin direbobi da na masu A Daidaita Sahu, a zauna da su tun farko. Masu ba da babur haya su ma su duba balas ɗin da suke yankawa, don shi yake kora yaransu. Fasinja ya daina cewa direba ya yi sauri. Idan ya ga ganganci ya yi magana, ko ya sauka. Masu kai amarya su tuna cewa wasa da mota a cikin unguwa ya sha mayar da gidan biki gidan makoki. Iyaye su koya wa yara su tsaya, su duba hagu, su duba dama, su sake duba hagu. Ƙaramin yaro kuwa a riƙe masa hannu. Masu kasa kaya su ja baya daga kwalta, don su ne suke tura mutane tsakiyar titi.

Wani zai ce haɗari ƙaddara ce. Malamai sun bayyana cewa yarda da ƙaddara ba ta hana mutum ɗaukar mataki. Manomi ya yarda da ƙaddara, amma yana yi wa rijiyarsa murfi. Wani kuma zai ce direbobin ƙasar nan ba sa canjawa. Dattawa suna iya tunawa da ranar 2 ga Afrilu, 1972. A ranar ce Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama. An daɗe ana shela a rediyo da jarida kafin ranar, kuma kowa ya bi. Wanda ya iya canja hannu, rage gudu ba zai gagare shi ba.

A ƙauye ma haka abin yake, har ya fi tsanani. Motar da ta taso daga nesa tana gudun 100 ba ta son ragewa don ta ga 'yan bukkoki. Ran kasuwa kuwa titi cike yake da mutane da dabbobi. Asibiti yana nesa. Saboda haka shawarar da ta dace da Yakasai ta dace da duk garin da ke bakin kwalta. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A kilomita ɗaya, daƙiƙa 48 ake rasawa. Abin da ake tsarewa kuwa, kasuwa ba ta sayar da shi.

SABABBIN KALMOMI

Kilomita: awon nisa, mita 1,000.
Mita: awon tsawo, ta ɗara yadi kaɗan.
Daƙiƙa: ɗan lokaci. Daƙiƙa 60 ita ce minti ɗaya.
Iyakar gudu: saurin da doka ta hana a wuce.
Totur: abin da direba yake takawa don ƙara gudu.
Balas: kuɗin da mai tuƙa abin haya yake kai wa mai shi kowace rana.

TAMBAYOYI

1. Nawa ne iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari a dokar Nijeriya?
2. Me ya sa direban da ke gudun 50 ya buge yaron, mai gudun 30 bai buge shi ba?
3. A kawo riba uku da hasara uku na rage gudu.
4. Me ya sa allo kaɗai ba ya isa?
5. Waɗanne alamu huɗu ne suke nuna titin da ya kamata a rage wa gudu?

AIKIN LISSAFI

1. Idan ana rasa daƙiƙa 48 a kowace kilomita, daƙiƙa nawa za a rasa a kilomita 5? Minti nawa ke nan?
2. Mai gudun 30 yana tsayawa a mita 13. Mai gudun 50 yana tsayawa a mita 28. Mita nawa ce tsakaninsu?

AIKIN AJI

Malami ya fita da ɗalibai fili. A ja layi a ƙasa. Mutum ɗaya ya yi dogon taki 13 ya tsaya. Wani ya yi taki 28 ya tsaya. Kowa ya dubi ratar da ke tsakaninsu. Bayan haka a zauna a rubuta takarda zuwa ga mai unguwa ko dagaci, a ambaci wuri ɗaya a garin da ya fi bukatar a rage gudu, tare da dalili.